Kuɗin ƙarfe mai aibi: kuskuren maƙera ko tsufa?

A kasuwannin Tasawa da Mayahi akan ƙi karɓar kuɗin ƙarfe saboda aibi. Amma aibi iri biyu ne. Akwai na tsufa, watau gogewa ko lanƙwasa, wanda ba ya ƙara daraja. Akwai kuma na maƙera, inda hatimi ya kauce daga tsakiya ko rubutu ya ninku tun wurin bugu. Shi ne masu tara kuɗin tarihi suke saye.

Shekarar 1780 da ke bisa dalar azurfa ta Mariya Tareza ba kuskure ba ce. Ita aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar sarauniyar.

Kamfanonin PCGS da NGC suna tantance kuɗi da maki 1 zuwa 70, amma ladarsu takan wuce darajar kuɗin. Saboda haka, kafin a aika, sai a gwada shi da wani na shekara ɗaya, a auna nauyinsa wurin maƙerin farfaru. Kada a goge shi da toka, domin wanki yana karya farashinsa. Kama da wane ba ta wane.