Awon Talauci da Diwanin Sayyidina Umar

Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta fitar da rahoto a 2024, wanda ta gina a kan ƙidayar 2021, ta ce mutum miliyan 7.3, wato kashi 24.3 cikin ɗari na jama'ar ƙasa, talakawa ne ta fuskoki da dama, ake ta jayayya a majalisun unguwar Zogbeli da ke Tamale bayan la'asar, wasu na cewa an rage, wasu na cewa an zuga, alhali galibinsu sun ɗauka kuɗin aljihu aka auna. Lafiya aka duba, da ilimi, da aikin yi, da halin muhalli.

Wannan fanni ba baƙo ba ne ga mai nazarin tarihin Musulunci, domin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, shi ya kafa diwani, littafin da aka rubuta sunayen masu rabo daga baitulmali. Malamai sun ruwaito cewa wani dare, yana gadin ayarin fatake da suka sauka a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, ya ji jariri yana kuka ba ƙaƙƙautawa, da ya bincika sai uwar, ba ta san ko wane ne ba, ta shaida masa yaye shi take yi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya yanka rabo sai ga yayayye. Da asuba ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Littafin bai yi ƙarya ba, ƙa'idarsa ce ta cuci yaron, kuma halifa da kunnensa ya gano, ba daga bakin magatakarda ba.

To, a Zogbeli akwai gidan da famfo ke tsaye a tsakar gida, a takarda yana da ruwa, amma ruwan da ake turowa daga matatar Dalun yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, mata na sayen na tanka. Da irin wannan takarda ake tsara tallafi kamar LEAP, wanda aka soma a 2008. Me ya hana mahukuntan Tamale su sa ma'aikacinsu, kafin ya rufe littafi, ya tambayi uwargida kwana nawa famfon ya kawo ruwa a watan jiya?