Ina Maganin Ƙwari Ke Tafiya Bayan Feshi?

Mai lambu a bakin rafin Kubanni, daura da Tudun Wada a Zariya, yakan ɗauka cewa da an yi ruwa biyu ko uku maganin feshi ya wanke. Ba kowane magani ba ne. Akwai wani rukuni mai sinadarin kulorin, irin su DDT da lindan, wanda aka sayar da sunan Gammalin 20, da ƙasa ke riƙewa shekara da shekaru.

Ɗabi'arsu irin ta mai ce. Kamar yadda man gyaɗa ke ƙin ruwa ya kama tsumma, haka suke barin danshin ƙasa su liƙe wa ruɓaɓɓen ganye da taki. Shi ya sa baƙar ƙasar fadama ta fi jigawa riƙe su. Sa'annan ɗaurin da ke tsakanin kabon da kulorin yana da wuyar kwancewa ga ƙananan halittun ƙasa. DDT kan kai shekara 2 zuwa 15 kafin rabinsa ya lalace.

Wannan riƙo ba kariya ba ne. Da damina zaizaya kan kwashe ƙasar zuwa rafi, dafin ya taru a kitsen kifi, ya shiga jikin mutum, har nonon uwa. Amurka ta hana fesa DDT a gona a 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita shi, aka ƙara lindan a 2009.

Amma doka ba ta wanke gona. Don haka, ɗalibai, ku karanta wa iyaye takardar jikin kwalba kafin feshi, kuma a tare zaizaya da ciyawa a gefen rafi.