Me Ya Sa Hoton Cikin Kogo Ke Fitowa Rabi Ja, Rabi Shuɗi?

Idan makarantarku ta shirya ziyarar ilimi daga Bici zuwa Birnin Kudu a Jihar Jigawa, kada ku tsallake Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana shanu da jan launi a ƙarƙashin inuwar duwatsu. Sai dai kafin ku zaro waya, ku sani kyamara ba ta da wayon idonku.

Kowane haske da launinsa, kuma ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Wutar kyandir ba ta kai 2,000 ba, shi ya sa take ja-ja. Hasken rana tsaka yana wajen 5,500. Tocilan ta caji mai farin ƙwai kan kai 6,500, tana ɗan shuɗi-shuɗi. Ƙwaƙwalwarmu tana gyara bambancin ba tare da mun lura ba, farar riga fara ce ko da rana ko da dare. Ita kuwa waya cinta take yi: ta zaɓi haske ɗaya ta ce shi ne fari.

To a bakin kogo haske biyu ne ke karo. Na rana yana shigowa ta ƙofa, na tocilan yana dukan bango. In wayar ta bi wannan, wancan ya ɓaci. Jar saniya ta koma ruwan ƙasa, dutse ya yi shuɗi. Mai duba hoton a allon sanarwar makaranta zai ɗauka haka zanen yake, alhali ba haka ba ne.

Maganin, a ganina, shi ne a bar haske ɗaya. Inda na rana ya wadatar, a kashe tocilan da filashi, a jingina wayar da dutse don kada hannu ya yi rawa. Inda duhu ya yi yawa, kowa ya kashe tasa a bar guda ɗaya, ko iri ɗaya. Wayoyi da yawa suna da sashen Pro, ku nemi WB, ku riƙe farar takardar littafi kusa da zanen, ku matsa lambar har takardar ta fito fari fat. Kusa na ce, ba a jikin zanen ba. Taɓawa da yayyafa ruwa suna cinye shi.

Ba sai kun jira mota ba. Zauren ƙasa da almuru, ƙofa a buɗe, tocilan a hannu, ya ishe ku gwaji.