Gina Shafin Intanet Ba Tare da Yaren Kwamfuta Ba: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman na ƙasar Katsina. Dalili kuwa shi ne, a zamanin nan mai neman labarin wani gari ba ya fara zuwa tasha ko zauren Dagaci, wayarsa ya kan fara dubawa. Ɗalibin da aka ba aikin rubuta tarihin Hasumiyar Gobarau, da baƙon da ke son sanin ranar hawan Salla, da ɗan gari mazaunin Ikko mai niyyar aiko da gudummawar gyaran masallaci, duk wuri ɗaya su ke dosa. In gunduma ba ta da shafin kanta, abin da wani ya rubuta a kanta shi za su karanta, ko daidai ne ko ba daidai ba.

A da, ba mai iya gina shafi sai wanda ya koyi yaren kwamfuta, watau rubutattun umarni irin su HTML da CSS, waɗanda ke gaya wa na'ura inda kowane hoto da kowane layi za su zauna. Daga baya waɗansu kamfanoni suka ɗauke wa mutane wannan wahala. WordPress ya fito cikin 2003. A shekarar nan kuma wani ɗalibi a Jami'ar Maryland ta Amurka, Anthony Casalena, ya fara Squarespace. An kafa Wix a Isra'ila cikin 2006, sa'an nan Webflow ya biyo baya. Malamin da ya iya buga wasiƙa a kwamfuta ya iya aiki da su. Amma a 'yan shekarun nan an canja tsarinsu ƙwarai, har wanda ya koye su shekara goma da suka wuce sai ya sake zama ɗalibi.

Tubali da igiyar awo

Babban canji na farko shi ne an mai da shafi kamar ginin tubali. Cikin Disamba 2018 WordPress ya fito da sabon teburin aiki mai suna Gutenberg, inda kowane sashe na shafi ya zama tubali guda: kanu tubali ne, hoto tubali ne, jadawalin ranakun kasuwa tubali ne. Malami zai ɗauki wanda ya ke so, ya ɗora shi bisa wani, ko ya zare shi ba tare da sauran sun rushe ba. Cikin Janairu 2022 aka faɗaɗa abin, har kan shafi da gindinsa, inda a kan sa tambari da adireshin ofis, suka shiga hannun mai shafin. Kafin wannan, sai an nemo gwani kafin a taɓa su.

Squarespace ya bi wata hanya. Cikin 2022 ya kawo tsarin da ya kira Fluid Engine. An ja layuka a tsaye da a kwance bisa shafin, kamar yadda magini ke ja igiya kafin ya kafa harsashi, sai mutum ya ja hoto ko rubutu ya ajiye inda ya ga dama, abin ya zauna daidai kan layi. Wix ya fito da Wix Studio cikin 2023, wanda ke rage girman kayan shafi ko ya ƙara shi da kansa gwargwadon faɗin gilashin mai karatu. Webflow kuwa ya kawo dabarar ajiye launi da girman harafi wuri guda, in an canja su nan sai su canja a dukkan shafuka. Wannan na da amfani ga ofishin da ke da shafuka da yawa, amma Webflow ya fi dacewa da ƙwararru, ba da mai fara koyo ba.

Abin da ya kamata Hakimi ya riƙe daga cikin wannan duka shi ne maganar waya. Malami ya kan gina shafi a kwamfutar ofis mai faɗin gilashi, ya ga ya yi kyau, ya rufe ya tafi gida. Talakawan da aka yi dominsu kuwa a ƙaramar waya za su buɗe shi, wata ma gilashinta ya tsage, a tsakiyar rana, da data ta naira kaɗan. Kamfanin Google ma fasalin waya ya ke dubawa yanzu wajen jera shafuka ga masu bincike. Sababbin tsare-tsaren nan sun ba da dama a gyara fasalin waya dabam da na kwamfuta, amma ba kullum su ke yinsa daidai da kansu ba. Sau da yawa a kan tarar sanarwa ta faɗa can ƙasa, hoton Hakimi ya rufe rabin rubutu. Saboda haka kada Hakimi ya amince an gama aiki sai an kawo masa shafin a waya, ba ta malamin ba, ta wani masinja ko dogari, ya duba da idonsa. Hotuna masu motsi da launuka masu walƙiya sun yi yawa a kasuwar yanzu. A ganinmu ofishin gunduma ba ya bukatarsu. Su kan cinye datar mai karatu kafin ya kai ga sanarwar da ya zo nema.

Haruffa masu lanƙwasa

Nan ne ya kamata malamai su fi zuba ido, domin kamfanonin nan ba da Hausa a ransu suka yi aikinsu ba. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun shiga rubutun boko ne cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Kafin nan ɗigo a ke sa wa a ƙarƙashin harafi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara cikin Janairu 1939, da Malam Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, a matsayin edita, ta taimaka wajen sabar da jama'a da su. Tsofaffin malaman En'e sun san yadda a ke fama da tafireta wadda ba ta da waɗannan haruffa, sai an gama bugu a bi da alƙalami a lanƙwasa su ɗaya ɗaya.

To, wannan wahala ta sake dawowa da sabuwar riga. Kowane kamfani yana ba da salon haruffa iri iri a zaɓa, amma da yawa daga cikinsu ba a zana musu namu ba. In aka zaɓi irin wannan, na'ura ta kan aro harafin daga wani salo dabam, sai a ga ƙ ɗin Ƙofar Soro ta fi 'yan'uwanta tsawo ko kauri, wani lokaci ma ɗan akwati kawai zai bayyana a gurbinta. Malami mai gaggawa sai ya ce bari ya zubar da lanƙwasar gaba ɗaya ya huta. Kada a yarda da haka. Sanarwar da ta ce a hallara a fada ba ɗaya ta ke da faɗa ba, kuma baƙi dabam, baki dabam. Ofishin da ke rubuta sunayen mutane da na garuruwa bai kamata ya zama shi ke koya wa yara kuskure ba.

Maganin abin ba wuya. Kafin a zaɓi salo, a buga ƙananan haruffan da manyansu, Ɓ da Ɗ da Ƙ, a duba su a waya. Idan ana sa ran masu karatu daga Maraɗi ko Damagaram, a gwada ƴ kuma, domin a Nijar da ita a ke rubuta abin da mu ke rubutawa da 'y. Salon Noto na Google yana da su duka, haka ma Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Ita wannan ƙungiya ta zana har salon ajami, Alkalami da Harmattan, ga mai son ya sa wani abu da rubutun allo. Tun Afrilu 2024 WordPress ya buɗe taskar haruffa inda mai shafi zai ɗora salon da ya zaɓa da kansa, Wix ma ya yarda a ɗora.

Na'ura mai rubutu da kanta

Sabon abin da ya fi jan hankali shi ne ƙirƙirarriyar basira. Wix ya fara gwada ta tun 2016, cikin 2024 kuma ya fito da tsarin da mutum zai yi hira da na'ura, ya gaya mata irin shafin da ya ke so, ta gina masa cikin 'yan mintoci, da rubutu da hotuna. Squarespace yana da makamancinsa mai suna Blueprint, cikin 2025 kuma kamfanin Figma ya shigo da nasa maginin shafuka.

Wajen tsara fasali wannan na rage aiki. Wajen tarihi kuwa hatsari ne. Na'urar ba ta san Katsina ba, jimla mai daɗin ji kawai ta ke ƙullawa. A ɗauki misalin Gobarau. Tsawon hasumiyar kimanin ƙafa 50 ne, ginin ƙasa ce, kuma labarin gargajiya ya danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, waɗansu kuma su kan haɗa ta da zuwan Shehu Al-Maghili ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15. Masana ba su haɗu kan shekara guda ba. Na'ura kuwa sai ta tsai da shekara ɗaya ta rubuta ba shakka a ciki, ta kuma zana hoton wata farar hasumiya mai tsini irin ta Turkiyya. In wannan ya fito ƙarƙashin tambarin gunduma, ya zama maganar hukuma. Haka abin ya ke ga jerin sunayen Hakiman da suka gabata, da iyakokin ƙauyuka, inda kuskure ɗaya ya isa ya ta da rigima tsakanin gidaje biyu. Duk rubutun da na'ura ta yi, a kai shi gaban dattawan gari da littattafan ofis tukuna. Hoto kuma a aika a ɗauko na gaskiya.

Wa ke da gidan?

Mai gina shafi a wurin kamfani ɗan haya ne. Shafin da aka gina a Wix ba a iya kwashe shi ɗungum a kai wani wuri, kuma na kyauta yana ɗauke da tallar kamfanin da sunansa cikin adireshi. Squarespace ba shi da na kyauta sai 'yan kwanakin gwaji. Kuɗin haya galibi da dala a ke lissafa shi, saboda haka duk sa'ad da naira ta faɗi sai ya hau. Mai gida kuma ya kan canja shawara: cikin Maris 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan da ya ba 'yan kasuwa kyauta, Wix kuma ya janye Editor X, wanda ya fito da shi cikin 2020, ya mai da masu aiki da shi kan Wix Studio. WordPress da aka ɗora a ma'ajin da mutum ya yi haya da kansa ya fi sauƙin ɗauka a ƙaura da shi, sai dai yana bukatar mai lura da shi.

Saboda haka a yi rajistar adireshin shafi da sunan ofis, ba da sunan malami ko na wani yaron gida ba. Ƙungiyar NiRA ke kula da adireshi masu ƙarewa da .ng, masu .gov.ng kuwa na ma'aikatun gwamnati ne, ta hannun hukumar NITDA a ke samunsu. Hakimin da ke so sai ya nemi shawarar Majalisar Sarki da ta Ƙaramar Hukuma. Kalmar sirri a rubuta ta a rufe cikin ambulan a ajiye wurin Hakimi, a canja ta duk ranar da aka yi wa malami canjin wurin aiki. Kwafin rubutu da hotuna su zauna a ofis. Tun 2023 kuma akwai dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, don haka lambobin waya da na katin ɗan ƙasa, da sunayen masu shari'ar gona ko ta gado, ba a sa su a shafi, wurinsu cikin fayil ne.