Kuɗaɗen makarantun gwamnati a Amurka a lokacin koma-bayan tattalin arziki na 2007 zuwa 2009

Koma-bayan tattalin arzikin da ya auka wa Amurka daga Disamban 2007 zuwa Yunin 2009 ya rage kuɗin shigar jihohi ƙwarai, abin da ya jawo zaftare kasafin makarantun firamare da sakandare da na kwalejoji da jami'o'in gwamnati. Gwamnatin tarayya ta kawo ɗauki da kimanin dala biliyan 100 ga ɓangaren ilimi a ƙarƙashin dokar farfaɗo da tattalin arziki ta 2009. Tallafin na wucin gadi ne, kuma bayan ƙarewarsa jihohi da yawa sun shafe shekaru ba su mayar da kasafin ilimi inda yake a da ba.

Yadda ake ɗaukar nauyin makarantu

Tsarin mulkin Amurka bai ɗora wa gwamnatin tarayya alhakin ilimi ba, saboda haka nauyin yana wuyan jihohi da gundumomin makarantu. Kafin rikicin, kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin makarantun firamare da sakandare daga jihohi da ƙananan hukumomi yake fitowa, tarayya kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Jihohi sun fi dogara da harajin kuɗin shiga da harajin saye da sayarwa, gundumomi kuma da harajin gidaje da filaye.

Kason tarayya yana tafiya ne ga wasu shirye-shirye na musamman. Mafi girma su ne shirin Title I, wanda ya samo asali daga dokar ilimin firamare da sakandare ta 1965 domin makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa, da kuma tallafin ɗalibai masu buƙata ta musamman. A manyan makarantu, jiha ce ke ba jami'a kuɗin gudanarwa, tarayya kuma tana taimaka wa ɗalibi kai tsaye da rance da tallafin Pell, wanda ba a biyan sa.

Dalilin da ya sa aka zaftare kasafi

Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumban 2008, rashin aikin yi ya yi ta hawa har ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009. Da mutane suka rasa aiki suka kuma rage sayayya, sai harajin da jihohi ke karɓa ya faɗi, a daidai lokacin da masu neman tallafin jinya na Medicaid ke ƙaruwa.

Gwamnatin tarayya tana iya cin bashi ta cike giɓin kasafinta. Jihohi ba su da wannan dama, domin dukansu, in ban da Vermont, suna da dokar da ta wajabta daidaita kuɗin da za a kashe da wanda zai shigo. Da yake ilimi na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a kasafin kowace jiha, da wuya a rage kashe kuɗi ba a taɓa shi ba. Harajin gidaje bai faɗi nan take ba saboda ana ɗaukar lokaci kafin a sake ƙiyasta darajar gida, don haka gundumomi sun ji nasu raɗaɗin ne daga baya.

Tallafin gwamnatin tarayya

Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar farfaɗo da tattalin arziki ranar 17 ga Fabrairun 2009, wadda aka ƙiyasta kuɗinta a lokacin da dala biliyan 787. Babban kason ilimi shi ne asusun daidaita kasafin jihohi mai dala biliyan 53.6. Daga ciki an raba wa gwamnoni kimanin biliyan 48.6 bisa yawan jama'a, da sharaɗin kashi 81.8 cikin 100 ya tafi ga makarantu, ragowar ga sauran ayyukan gwamnati. An kuma buƙaci kowace jiha kada kuɗin da take ba ilimi daga aljihunta ya gaza na shekarar 2006.

Dokar ta ƙara wa shirin Title I dala biliyan 13, ilimin masu buƙata ta musamman kuma kimanin biliyan 12. Mafi girman tallafin Pell ya tashi daga dala 4,731 zuwa 5,350 a shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010. A Agustan 2010 majalisar dokoki ta amince da ƙarin dala biliyan 10 domin biyan albashin malamai.

An ware dala biliyan 4.35 ga gasar Race to the Top, ƙarƙashin sakataren ilimi Arne Duncan, inda jihohi suka yi takarar samun kuɗi ta hanyar alƙawarin sauya manhaja da yadda ake auna ƙwazon malamai. Delaware da Tennessee ne suka ci zagayen farko a Maris ɗin 2010.

Saɓani

Ba kowa ne ya yi na'am da tallafin ba. Gwamnan Karolina ta Kudu, Mark Sanford, ya ƙi neman kimanin dala miliyan 700 sai in za a bar shi ya biya bashin jihar da su, har sai da kotun ƙolin jihar ta umarce shi da ya nema a Yunin 2009. Masu suka sun ce kuɗin wucin gadi yana jinkirta matsala ne kawai. Wasu kuma sun lura cewa sharaɗin 2006 ya ba jihohi damar rage nasu kason su cike da na tarayya. Magoya baya sun ce ba don tallafin ba da malaman da za a sallama sun fi haka yawa.

Tasiri a kan kwalejoji da jami'o'i

Manyan makarantu sun fi shan zaftarewa, saboda 'yan majalisa sun san jami'a na iya ƙara kuɗin makaranta, abin da firamare ba za ta iya ba. Hakan ya zo a lokacin da waɗanda suka rasa aiki ke tururuwar komawa karatu, musamman a kwalejoji masu kwas ɗin shekara biyu. A Nuwamban 2009 hukumar gudanarwar Jami'ar Kalifoniya ta ƙara kuɗin makaranta da kashi 32 cikin 100, ɗalibai suka yi zanga-zanga. A jihohi da yawa nauyin ya koma kan ɗalibai da iyayensu, bashin karatu ya ƙaru.

Bayan ƙarewar tallafin

Akasarin kuɗin ya ƙare a 2011, alhali harajin jihohi bai gama farfaɗowa ba. Tsakanin 2008 da 2012 gundumomin makarantu sun rasa guraben aiki fiye da 300,000. Wasu gundumomi a Oklahoma sun koma karatun kwana huɗu a mako. Ƙarancin albashi da kayan aiki na cikin dalilan yajin aikin malamai na 2018 a Virginia ta Yamma da Oklahoma da Arizona.

Da annobar korona ta zo, majalisa ta ba makarantun firamare da sakandare kimanin dala biliyan 190 a dokoki uku tsakanin Maris ɗin 2020 da Maris ɗin 2021, adadin da ya zarce na 2009 nesa ba kusa ba.