Ungulu, Gubar Dalma da Ilimin Ƙwayoyin Gado

Dattawan Gummi da Anka da Bukkuyum sun riski zamanin da ba a yanka sa a kwata face ungulaye sun yi sahu a kan katanga da rassan kuka, suna jiran mahauta su zubar da abin da ba sa bukata, har rana ba ta faɗuwa sai wurin ya yi fes. A yau kuwa sau da yawa mutum yakan wuni a kasuwa bai ga ko ɗaya ba. Tun shekarar 2015 masana suka sanya wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda gubar da ake zuba wa mushe, da farautar da ake yi mata don sayar da kai da gashinta ga masu magani, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu, alhali ƙwai ɗaya tak take sakawa a lokaci guda.

Akwai ibra a labarin wata 'yar'uwarta, babbar ungulun Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wadda a shekarar 1982 guda 22 kaɗai suka rage a bayan ƙasa. Zuwa 1987 an kame dukkan waɗanda ke daji, aka tara 27 a gidajen namun daji na Sandiyago da Los Anjalis domin su hayayyafa. A nan mas'ala ta taso, domin idan jama'a ta ƙaranta haka babu makawa sai ɗan'uwa ya haɗu da 'yar'uwarsa, kuma illar da ke ɓoye a cikin jini takan bayyana ga 'ya'ya idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita. Haka kuwa aka yi, aka riƙa samun 'yan tsaki masu gajerun ƙasusuwa waɗanda ke mutuwa wajen ƙyanƙyashewa.

Abin da ya taimaki masana shi ne ilimin ƙwayoyin gado. Allah cikin hikimarsa ya sanya a jikin kowace halitta wani rubutu mai haruffa huɗu kacal, wanda tsuntsu yake gadon rabinsa daga uwa, rabi daga uba, kuma daga ɗigon jini ko gindin gashin tsuntsu ana iya karanta shi. Da shi aka rarrabe namiji da mace, tun da ido ba ya bambanta su. Da shi aka tabbatar da nasabar kowane tsuntsu, aka riƙa haɗa waɗanda zumuncinsu ya fi nisa. A 1992 aka fara mayar da su daji, yanzu kuma adadinsu ya haura 500.

Sai dai duk da wannan nasara, babban abin da ke kashe su a daji har yau shi ne dalma, wadda suke haɗiya daga ɓarɓashin harsashin mafarauta da ya saura a cikin mushe, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. Mutanen yankinmu ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan guba. A 2010, sa'ad da aka riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, ƙurar dalma ta hallaka yara fiye da 400, kuma daga baya mazauna ƙauyukan suka shaida wa masu bincike cewa agwagi ne suka fara ɓacewa, ba tare da kowa ya ɗauki hakan a matsayin gargaɗi ba.

Saboda haka hakki biyu ne a wuyanmu. Na farko yana kan jami'o'inmu, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da ta Tarayya da ke Gusau, su tattara gashin ungulun da ya zuba a ƙarƙashin itatuwan kwanansu, su adana, domin a san yawan zuriyar da ta rage tun ba a kai matsayin da Amurkawa suka kai ba. Na biyu, wanda ya fi nauyi, yana kan sarakuna da sarakunan pawa da malamai masu huɗuba, su hana zuba wa mushe guba da cinikin kan ungulu a kasuwanninmu, domin masanin ƙwayoyin gado yana iya tsara aure a tsakanin tsuntsayen da suka rage, amma ba shi da ikon rayar da wanda aka riga aka kashe. Halittun Allah amana ce, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta.