Daga Dutsen Niƙa Zuwa Kuɗin Binciken Ciwon Huhu

Yau zancen huhu za mu yi, da na kuɗi, amma bari mu fara daga dutsen niƙa.

Ko da ya ke injin ya karɓe yawancin aikin, babu wadda ba ta san dutsen niƙa ba. To, kin taɓa tambayar kanki wa ya sassaƙa shi? A cikin 1975 wani likita mai suna David Warrell, tare da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga labarin binciken da suka yi a wasu ƙauyuka biyu kusa da Kano, inda a ke sarar waɗannan duwatsu. Suka ɗauki hoton ƙirjin masu sara 126. Mutum 49 daga cikinsu ƙurar dutse ta riga ta yi musu tabo a huhu, 17 kuwa abin ya yi nisa ƙwarai. Irin wannan tabo ba ya warkewa. Ashe dutsen da a ke kai wa amarya ɗaki, numfashin wani ya tafi a kansa.

Likitan nan a lokacin bai kai shekara 40 ba. Kuma ki lura, ba da hannu wofi a ke irin wannan aiki ba. Sai da man mota, sai da kuɗin hoton ƙirji, sai da ladan mai rubuta sunaye. Abin da ya fi duka tsada shi ne lokaci, domin likitan da ke da layin marasa lafiya tun safe har la'asar, yaushe zai tafi ƙauye ƙirga masu tari?

Maganin wannan shi ne kuɗin tallafin bincike. Kada ki ɗauka sukolashif ne. Sukolashif na biya wa yarinya ta je ta koyi abin da an riga an sani. Wannan kuwa a kan ba wanda ya gama karatu ne, bai daɗe da fara aiki ba, don ya sami shekara ɗaya ko biyu ko uku yana neman amsar abin da ba a sani ba tukuna. Ba a ba da shi don mutum ya iya roƙo. Sai ya rubuta tambayarsa a fili, da yadda zai bi ya amsa ta, da lissafin kowane kwabo, ya kuma kawo sunan babban malamin da zai riƙa duba shi. Masana su zauna su auna takardu, su zaɓi kaɗan. In aiki ya ƙare sai ya kawo rahoto da rasit, kamar yadda ki ke yi wa yaron da kika aika kasuwar Samaru cefane.

Watakila ki ce, mene ne ruwan matar aure da wannan? Duba katin rigakafin jaririnki. Brian Greenwood ya yi shekara goma a Zariya daga 1970, yana saurayin likita, yana binciken sanƙarau da sauran cututtukan ƙasar nan. A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike. A can ne daga baya aka gwada allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo ciwon huhu, watau namoniya, a kan yara wajen 17,000. Da aka buga sakamako a 2005, sai aka ga mutuwar yaran da aka yi wa allurar ta ragu da kashi 16 cikin ɗari. Nijeriya ta fara ba da irin wannan allura a watan Disamba na 2014, yau kuwa kyauta a ke yi wa jarirai. Haka nan ƙirga numfashin nan da a ke koya mana a asibiti, masu bincike ne suka zauna da agogo a gaban yara har suka tabbatar da shi. Jariri daga wata 2 zuwa wata 11, in yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko yaro daga shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, a kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙo.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Madafa. Ki tsaya da asuba a bakin titi a Sabon Gari ki dubi mai tuyar ƙosai, goyo a baya, fuska a kan kasko, itace ɗanye yana hayaƙi. Ki tuna da damina, sa'ad da mu ke ja da murhu cikin ɗaki don gudun ruwa, da hunturu, sa'ad da a ke kwana da garwashi ƙofa a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Kowa zai ce, ai da sauƙi, a raba murhun zamani. An gwada haka a Malawi a kan yara fiye da 10,000, aka buga sakamako a 2017, sai ga shi ciwon huhun yara bai ragu ba. Yaro ba hayaƙin tukunya kaɗai ya ke shaƙa ba, akwai na bola, da na fitila, da na maƙwabta. Da ba a yi binciken ba, da an yi ta zuba dukiya a kan zato.

To, wa zai auna na gidajenmu? Namiji baƙo iyakarsa zaure. Ba zai ga inda murhu ya ke ba, ba zai san awa nawa uwargida ta ke yi a bakin wuta ba, kuma in ya tambaya za a ce masa lafiya lau. Mace kuwa sallama ɗaya za ta yi ta shige, a shimfiɗa mata tabarma, a gaya mata har tarin da a ke ɓoye wa maigida. Don haka ni a ganina wannan kuɗi 'ya'yanmu mata sun fi kowa hujjar nemansa.

Wuraren nema suna nan. A gida akwai asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba malaman jami'o'in gwamnati kuɗin bincike. Ƙungiyar masana ciwon ƙirji ta Afirka, PATS, ta fara wani kwas a 2007 mai suna MECOR, inda a ke koya wa matasa yadda a ke tsara bincike daga tambaya har zuwa rubutawa. A Ingila akwai Wellcome. Akwai kuma kyautar L'Oréal da UNESCO wadda mata zalla a ke ba, 'yan Nijeriya kuwa sun sha cinta. Wurin aiki ma bai yi mana nisa ba: ga jami'a a Samaru tun 1962, ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar koyar da aikin tarin fuka da kuturta ta ƙasa baki ɗaya a Saye.

Amma ba zan ɓoye muku ba, masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba, kuma galibinsa daga waje ya ke zuwa. Wanda ya biya kuwa ya kan so a amsa tasa tambayar. Matashin da ya nema sau biyu sau uku bai samu ba, sai ka ji ya ɗauki jaka ya tafi Ingila ko Makka aiki, mu kuwa a bar mu da tarinmu. Ga mace akwai ƙarin wuya. Shekarun da a ke kira na farkon aiki su ne dai shekarun aure da goyo. Wasu masu ba da kuɗin, irin su Wellcome, su kan yi la'akari da hutun haihuwa in suna duba takardu, wannan kuwa adalci ne. Sauran ya rage ga gida. Uwar miji da ta riƙe jika kwana uku don suruka ta gama rubuta takardarta, ita ma ta sa hannu a binciken, ko da sunanta bai fito ba.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce sai likita. Ana bukatar nas, da mai duba majina a ɗakin gwaji, da mai lissafi, har da injiniyar murhu. Ku riƙe lissafi da kimiyya, ku kuma gyara Turancinku, domin da shi a ke rubuta takardar neman. Ina gaya wa 'yan ajina su fara tun yanzu: littafi ɗaya, a rubuta wa ya yi tari a gida, wane wata, kwana nawa.

In kuwa wata rana yarinya ta yi sallama a gidanki da takarda da na'urar hura iska, ki ba ta wuri. Amma ki sa ta karanta miki takardar da Hausa, ta faɗi wanda ya aiko ta da abin da za a yi da amsarki. Kina da ikon ki ƙi, ko ki fasa a tsakiya, ba kuwa wanda zai hana ki magani saboda haka. In ta tambaye ki tari, ki faɗa mata gaskiya. Wanda ya wuce mako biyu, a kai majina a gwada, gwaji da maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne a asibitin gwamnati.